Chen Huanyong, malamin da ya sa mutuncinsa a kasada don ceton rumbun tsirran kudancin Sin

A birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, akwai wani gini da ke ɗauke da busassun tsirrai sama da miliyan guda. Kowane reshe an manna shi a kan takarda mai kauri, an rubuta sunansa, da wurin da aka tsinko shi, da ranar da aka tsinko shi, da sunan wanda ya yi aikin. Irin wannan ma'ajiya ita ce ake kira herbier da Faransanci, a Hausa kuwa sai a ce rumbun tsirrai. Duk mai son sanin itatuwan da ke cikin dazuzzukan kudancin Sin, ko waɗanda suka taɓa tsayawa a can kafin gatari ya kai musu, nan yake zuwa.

Wannan rumbu ya faro ne daga wani ɗan ɗakin bincike a jami'ar Sun Yat-sen, a ƙarshen shekarun 1920. Wanda ya kafa shi shi ne Chen Huanyong, wanda a tsofaffin littattafan kimiyya ake rubuta sunansa Chun Woon-Young. An haife shi a 1890, ya rasu a 1971. A tsakanin waɗannan shekaru gobara ta cinye masa aiki har sau biyu, yaƙi ya raba shi da jami'arsa, sannan ƴan ƙasarsa suka tuhume shi da cin amana saboda hanyar da ya bi ya ceci rumbun.

Ɗan gida biyu

An haifi Chen a Hong Kong, lokacin tana hannun Ingila. Mahaifinsa, Chen Yan, asalinsa mutumin Xinhui ne a lardin Guangdong. Ya yi aikin jarida a Hong Kong, daga baya gwamnatin sarakunan Qing ta tura shi aikin jakadanci a Habana, babban birnin Kuba. Mahaifiyar Chen kuwa ƴar Kuba ce mai jinin Sipaniya. Don haka yaron ya tashi da kamannin da suka bambanta da na sauran yaran Sin, kuma Ingilishi ya zauna a bakinsa tun yana ƙarami.

Yana saurayi aka kai shi karatu Amurka. A 1909 ya shiga kwalejin aikin gona ta jahar Massachusetts, a 1912 ya koma makarantar gandun daji da ke Syracuse a jahar New York, sannan a 1915 ya wuce jami'ar Harvard. A can ne ya samu shiga lambun itatuwa na Arnold da ke Boston, wanda Charles Sargent ke shugabanta. A wancan zamani babu wani wuri a Amurka da ya kai wannan lambu tara itatuwan gabashin Asiya, rayayyu da busassu.

Abin da Chen ya tarar a Boston ya tsaya masa a rai. Tun ƙarni na 19 Turawa ke kwasar tsirran Sin suna kaiwa ƙasashensu. Malaman kirista na Faransa, irin su Armand David da Jean-Marie Delavay, sun cika akwatunan gidan tarihin halittu na Paris da abin da suka tsinko. Augustine Henry, ɗan Ailan da ke aikin kwastan a Sin, ya aika dubban samfura zuwa lambun Kew na Ingila. Ernest Wilson ya yi wa lambun Arnold irin wannan aiki. Littafin farko da ya lissafa tsirran Hong Kong, garin da aka haifi Chen, wani Bature ne mai suna George Bentham ya wallafa shi a London a 1861. Sakamakon haka shi ne, idan Basine na son tabbatar da sunan wata bishiyar ƙauyensu a kimiyyance, sai ya haye teku.

Dalilin hakan yana cikin ƙa'idar raɗa wa tsirrai suna. Idan masani ya ce ya gano sabon tsiro, dole ne ya bayyana siffarsa a rubuce, ya kuma ajiye busasshen reshe guda a wani sanannen rumbu, ya ce ga shaidar. Wannan reshe shi ne samfurin asali, kuma sunan yana rataye a kansa har abada. Duk wanda ya zo daga baya da tsiro mai kama da shi, sai ya gwada da wancan kafin ya yanke hukunci. Haka abin yake ga itatuwan Afirka ma: gawo da ake gani a gonakin Maraɗi da Damagaram sunansa na kimiyya Faidherbia albida, kuma masanan Faransa ne suka raɗa masa shi. Ƙasar da samfuran asalinta ke hannun wasu, sanin dajinta ma yana hannun wasu. Chen ya ƙuduri aniyar cewa Sin za ta mallaki nata rumbun, kuma ƴaƴanta ne za su cika shi.

Tsibirin Hainan da gobara biyu

A 1919 ya gama digiri na biyu a fannin gandun daji, Harvard ta ba shi tallafin tafiyar bincike na Sheldon. Ya zaɓi tsibirin Hainan, can ƙarshen kudancin Sin, inda masana ba su taɓa shiga tsakiyar duwatsunsa yadda ya kamata ba. Ana lissafa shi a matsayin masanin tsirrai Basine na farko da ya yi aikin tattara samfura a tsibirin. Ya shafe kusan wata goma a can, ya kutsa har yankin Wuzhishan, wato dutsen yatsu biyar, mai tsawon sama da mita 1,800, ƙasar ƙabilar Li.

Aikin tattara samfur ba tsinkar ganye kawai ba ne. Ana neman reshe mai fure ko mai ƴaƴa, domin ganye kaɗai ba ya isa a gane tsiro. A ba shi lamba, a rubuta a littafi tsawon bishiyar, da launin furen kafin ya dushe, da irin ƙasar da ta fito, da sunan da mutanen wurin ke kiranta, da abin da suke yi da ita. Sai a shimfiɗa reshen tsakanin takardu, a danne da katako, a ɗaure tamau. A ƙasa mai bushewa rana na gama sauran aikin cikin kwana kaɗan. A dajin Hainan kuwa, inda iska ke jiƙe dare da rana, sai an yi ta canja takardun ana gasa su a bakin wuta, in ba haka ba reshen ya yi fumfuna ya ruɓe.

Chen ya biya kuɗin wannan tafiya da lafiyarsa. Masassarar cizon sauro ta kama shi, hannunsa ya kumbura da ciwo, har sai da aka fito da shi daga duwatsun a kan makara irin ta ɗaukar marasa lafiya. Da ya samu sauƙi ya shirya akwatunan da zai aika Boston, aka ajiye su a mangazar wani kamfanin jiragen ruwa a Shanghai. Gobara ta tashi a mangazar, akwatunan suka ƙone.

Bai koma Amurka ba. Ya kama aikin koyarwa a birnin Nanjing, da farko a jami'ar Jinling, sannan a jami'ar Kudu maso Gabas. A farkon shekarun 1920 ya wallafa littafi da Ingilishi a kan itatuwan Sin masu amfani ga tattalin arziki, domin ɗalibansa na karanta littattafan da misalansu duk na itatuwan Turai da Amurka ne. A 1922 shi da Qian Chongshu da wani matashi mai suna Qin Renchang suka yi tafiyar bincike zuwa yammacin lardin Hubei, suka dawo da dubban samfura. Ana ɗaukar wannan tafiya a cikin na farko da masanan Sin suka shirya da kansu. Amma a watan Disambar 1923 wuta ta sake tashi, ta cinye ginin kimiyya na jami'ar Kudu maso Gabas tare da rumbun tsirran da ke cikinsa.

Mutumin da ya ga haka sau biyu cikin ƴan shekaru ya san abin da asarar samfur take nufi. Littafi idan ya ƙone ana samun wani irinsa a kasuwa. Reshen da aka tsinko a wani kwari a wata rana kuwa, idan ba a raba takwarorinsa zuwa wasu rumbuna ba, ya tafi ke nan. Wannan darasi ne zai bayyana abin da Chen ya yi bayan shekara ashirin.

Rumbun jami'ar Sun Yat-sen

A 1927 ya koma lardin kakanninsa, ya zama farfesa a jami'ar Sun Yat-sen da ke Guangzhou. A 1928 ya buɗe ɗakin binciken tsirrai, a 1929 aka ɗaga shi ya zama cibiya mai cin gashin kanta a cikin jami'ar, shi ne kuma shugabanta. A 1930 ya fara fitar da mujallar kimiyya mai suna Sunyatsenia, da Ingilishi, domin a riƙa wallafa sababbin tsirran Sin a cikin Sin, duniya kuma ta karanta.

Dajin da ya sa a gaba yana da nasa hali. Kudancin Sin yana kan iyakar yankin zafi da yankin sanyi na duniya, kuma iskar damina da ke tasowa daga teku tana zuba masa ruwa daga Afrilu zuwa Satumba. Itatuwansa masu faɗin ganye ne, ba sa zubar da ganyensu rani da damina. A cikinsu akwai dangin kafur da kirfa, da dangin shayi, da dangin magnoliya, da kurangu masu hawa har kan bishiya. Daji ne mai yawan iri, inda itatuwa biyu za su yi kama kamar tagwaye a ganye, sai an duba fure ko ƙwallo a ga ba iri ɗaya ba ne. Irin wannan daji ba a saninsa da ido kawai. Sai an tara samfura daga kwari daban-daban, a lokuta daban-daban na shekara, an jera su a kan tebur guda.

Don haka Chen ya horar da matasa ya baza su. Daga cikinsu akwai Jiang Ying, da Zuo Jinglie, da Hou Kuanzhao, waɗanda daga baya suka zama manyan masana. Suka ratsa Guangdong, da Guangxi, da Guizhou, suka kuma koma Hainan sau da dama, inda suka maye gurbin abin da wutar Shanghai ta ci har suka zarce. A 1935 shugaban jami'ar Guangxi, Ma Junwu, ya gayyace shi ya kafa wata cibiyar binciken tsirrai a garin Wuzhou, ya riƙa shugabantar cibiyoyin biyu.

Tsarin rumbun ya nuna halin mai shi. Kowane samfur yana da katunan rajista kashi uku, an jera kowane kashi ta hanya daban, ta yadda mai nema zai same shi ko ta ina ya faro. A cikin jakar kowane iri ana saka bayanin farko da aka taɓa wallafawa a kansa, domin ɗalibin da ba shi da halin zuwa Turai ya samu abin gwadawa. Kowane tsiro ana tsinko shi fiye da sau ɗaya, a ajiye guda, a aika sauran zuwa rumbunan ƙasashen waje, su kuma su aiko da nasu da littattafai. Ta wannan musaya ce ƙaramar cibiya mai ƙarancin kuɗi ta tara ɗakin karatu, ta kuma tabbatar cewa wuta guda ba za ta sake shafe aikin shekaru ba.

Babban abokin aikinsa a waje shi ne Elmer Merrill, Ba'amurke masanin tsirran Filifin da kudancin Asiya, wanda daga baya ya shugabanci lambun Arnold. Tare suka wallafa jerin rubuce-rubuce a kan tsirran Hainan a cikin Sunyatsenia. Chen ya halarci babban taron masanan tsirrai na duniya a Kambirij ta Ingila a 1930, da na Amsterdam a 1935, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masanan tsirrai ta Sin a 1933. Cikin shekara goma rumbun jami'ar ya tashi daga ƴan akwatuna zuwa dubun dubatar samfura, ya shiga sahun gaba a ƙasar.

Yaƙi da zaɓi mai ɗaci

A watan Yulin 1937 yaƙi ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Sin da Japan, jiragen Japan suka fara ruwan bama-bamai a Guangzhou. Da izinin jami'a, Chen ya fara kwashe samfura da littattafai zuwa Hong Kong, wadda ke ƙarƙashin Ingila, yaƙin kuma bai kai ta ba. Danginsa suka sa kuɗinsu aka samar da gini a unguwar Kowloon. A watan Oktoban 1938 Guangzhou ta faɗa hannun Japan. Jami'ar Sun Yat-sen ta yi hijira zuwa cikin ƙasa, Chen da ƴan ma'aikatansa kuwa suka ci gaba da aiki a Kowloon, suna nazarin samfura, suna fitar da mujalla.

Mafakar ba ta daɗe ba. Ranar 25 ga Disambar 1941 Hong Kong ma ta miƙa wuya. Sojojin Japan suka rufe ginin cibiyar a matsayin dukiyar abokan gaba. Chen na iya sulalewa ya bi sauran malamai zuwa yankunan da ke hannun gwamnatin Sin, ya tsira da sunansa tsaf. Amma ba a gudu da dubun dubatar takardu masu karyewa a ka. In ya tafi, ko dai a kwashe rumbun zuwa Japan, ko kuma ya lalace a inda yake, domin busasshen tsiro a ƙasa mai laima, in aka bar shi ƴan watanni ba kulawa, ƙwari da fumfuna sun gama da shi.

Ana cikin haka sai tayi ya zo daga shugaban ma'aikatar ilimi ta gwamnatin da Japan ta kafa a Guangdong, wadda mutanen Sin ke kallo a matsayin gwamnatin ƴan koren mamaya. Tayin shi ne a mayar da rumbun Guangzhou, a ba shi mazauni, a bar ma'aikatansa su ci gaba da kula da shi. Chen ya san abin da karɓar wannan tayi zai jawo masa. Ya tara abokan aikinsa suka yi shawara, ya karɓa. A 1942 aka mayar da akwatunan Guangzhou, aka sauke su a harabar jami'ar Lingnan, cibiyar ta ci gaba da aiki da sabon suna a ƙarƙashin waccan gwamnati har ƙarshen yaƙi.

Da Japan ta sha kaye a watan Agustan 1945, Chen ya miƙa wa jami'ar Sun Yat-sen rumbunta da ɗakin karatunta. Sai dai ƙasar da ta rasa miliyoyin rayuka ba ta da haƙuri da duk wanda ya yi aiki a inuwar mamaya. Aka shigar da ƙara a kansa, ana tuhumarsa da cin amanar ƙasa ta fuskar ilimi. Ba tuhuma ce ta banza ba a idon masu yinta: ga malamai sun sha yunwa da cuta a gudun hijira don kada su yi wa maƙiyi aiki, ga wani kuma ya zauna a birnin da ke hannun maƙiyi yana karɓar albashi. Masu kare shi kuwa suka nuna akwatunan. Manyan malaman jami'ar da wasu fitattun mutane suka tsaya masa, suka ba da shaidar cewa bai nemi muƙami ko dukiya ba, kuma abin da ya ceto na ƙasa ne, ya kuma dawo hannun ƙasa. A 1947 hukumar shari'a ta yanke cewa ba za a gurfanar da shi ba. An wanke shi a takarda, amma tabon bai goge ba.

Abin da rumbun ya haifa

Bayan kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, Chen ya zaɓi zama a ƙasar. A 1954 aka cire cibiyar daga jami'ar Sun Yat-sen aka mayar da ita ƙarƙashin hukumar kimiyya ta ƙasa, da sunan cibiyar nazarin tsirrai ta kudancin Sin, yana shugabanta. A 1955 aka zaɓe shi a cikin rukunin farko na mambobin hukumar. Ya kuma zama ɗan majalisar wakilan jama'a ta ƙasa.

A wannan lokaci ne amfanin akwatunan da aka ceto ya fara bayyana a fili. A 1956 aka wallafa littafin tsirran Guangzhou, wanda ɗalibinsa Hou Kuanzhao ya jagoranta. Littafin tsirran Hainan, wanda Chen ya fara shiryawa, ya fito cikin juzu'i 4 tsakanin 1964 da 1977. A 1959 aka naɗa shi tare da tsohon abokin tafiyarsa Qian Chongshu su jagoranci babban aikin lissafa dukan tsirran ƙasar Sin. Wannan aiki bai kammala ba sai 2004, cikin juzu'i 80 da littattafai 126, ya kuma ƙunshi tsirrai sama da iri 31,000. Ba a rubuta irin waɗannan littattafai daga ka. Kowane layi da ya ce ana samun tsiro kaza a gunduma kaza, akwai takardar samfur a wani rumbu da ke tsaya masa.

Rumbu ne kuma ke sa a gane baƙon abu idan ya zo. A 1955 masani Zhong Jixin ya jagoranci wata tawaga zuwa duwatsun Huaping a Guangxi, suka dawo da reshen wata bishiya mai siririn ganye, wanda ƙarƙashinsa ke da layi biyu farare masu ƙyalli kamar azurfa. Chen da abokin aikinsa Kuang Keren suka gwada ta da duk danginta da aka sani, suka ga ba ta shiga ko ɗaya ba. A 1958 suka bayyana ta a matsayin sabon jinsi, suka sa mata suna Cathaya argyrophylla. An gano burbushin danginta a cikin tsofaffin duwatsun Turai, alamar cewa ta taɓa yaɗuwa a duniya kafin ta ƙare ko'ina sai a ƴan tsaunukan kudancin Sin. Yau tana cikin itatuwan da dokar Sin ta fi ba kariya. A 1963 Chen ya bayyana wata bishiya mai ƙamshi ta dangin magnoliya, ya raɗa mata suna Tsoongiodendron don tunawa da Zhong Guanguang, ɗaya daga cikin Sinawan farko da suka yi aikin tattara tsirrai.

Chen bai tsaya ga busasshen reshe ba, domin ya san takarda ba ta maye gurbin daji. A 1956 shi da wasu masana huɗu suka gabatar wa majalisar ƙasa shawarar a keɓe wasu dazuzzuka a hana sara a cikinsu, don su zama ma'aunin yadda daji yake tun asali. A wannan shekara aka kafa gandun Dinghushan kusa da garin Zhaoqing, yamma da Guangzhou, gandun kare halittu na farko a ƙasar Sin, aka kuma danƙa shi a hannun cibiyarsa. Faɗinsa kimanin hekta 1,100 ne, kuma tsakiyarsa tsohon daji ne mai shekara kusan 400, wanda masu bautar addinin Buda da ke zaune a dutsen suka hana a taɓa. Wurin yana dab da layin nan na taswira inda rana ke tsayawa tsakar ka a ƙarshen watan Yuni, layin da ya ratsa ƙurewar arewacin Nijar a cikin Sahara. A mafi yawan ƙasashen da layin ya bi hamada ce, amma Dinghushan na samun ruwan sama kusan milimita 1,900 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Maraɗi ke samu. A 1979 hukumar UNESCO ta saka gandun a jerin wuraren da duniya ke kulawa da su. A cikin shekarun 1950 ɗin nan ne kuma ya jagoranci kafa lambun tsirrai na kudancin Sin a gefen Guangzhou.

Ƙarshen rayuwa

A 1966 guguwar siyasar da aka kira juyin al'adu ta taso a Sin, malamai da masana suka zama abin farauta. Duk abin da ya gina Chen sai ya koma laifi: karatun Amurka, da abokai a ƙasashen waje, da musayar samfura da Turawa. Aka kuma tono tsohuwar tuhumar zamanin yaƙi, wadda aka riga aka kashe tun 1947. Aka raba tsohon da aikinsa, aka tsananta masa, lafiyarsa ta karye. Ya rasu a Guangzhou ranar 18 ga Janairun 1971, yana da shekara 80. Sai bayan wucewar wannan zamani ne aka dawo masa da martabarsa.

Sunansa ya zauna a inda ya fi so, wato cikin sunayen tsirrai. Wani ɗan giginya na dajin Hainan ana kiransa Chuniophoenix, wata bishiyar tsibirin kuma Chunia, duk don girmama shi. Duk inda aka ga kalmar Chun a bayan sunan tsiro a littattafan kimiyya, shi ne ya bayyana tsiron.

Dazuzzukan da ya yi wa aiki sun canja sosai. Tun daga shekarun 1950 aka sare daji mai yawa a Hainan aka shuka itacen roba, garuruwa da masana'antu kuma suka cinye filayen Guangdong. Akwai kwaruruka da yaransa suka tsinko samfura a 1932 ko 1935 waɗanda yau gonaki ne ko unguwanni. Abin da ya rage na shaidar cewa bishiya kaza ta taɓa tsayawa a wurin shi ne takardar da ke cikin rumbu, da lambarta da kwanan watanta. Masu son sake raya daji da itatuwansa na asali suna duba waɗannan takardu don su san abin da za su shuka. Masu lissafin tsirran da ke dab da ƙarewa suna gwada wuraren da aka same su a da da wuraren da ake samunsu yanzu. Masu nazarin canjin yanayi suna duba ranar da tsiro ya yi fure shekara 90 da suka wuce, su gwada da ta bana. Da yawa daga cikin takardun da suke buɗewa suna cikin akwatunan nan da suka je Kowloon a 1938, suka dawo Guangzhou a 1942.